Gadon Bayan Kujerar Direba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, ka kuwa san faɗan nan shi ne shaidar lafiyarta. Auta ya fara tafiya, yanzu duk abin da muke so ya kwana lafiya sai mun ɗora shi a kan kabad.

Yaya, maganar aikin tuƙin babbar mota da ka nema wa surukinka, maigidana, ce ta sa na ɗauki biro. Mutumin naka da kake tsokana da Sannu-Sannu bai karɓa ba. Nauyinka yake ji ƙwarai, ya san irin roƙon da ka yi wa abokinka kafin a ba shi gurbin, shi ya sa na ce bari ni in yi maka bayani kafin ka ji a bakin wani ranka ya ɓaci.

Kamfanin abokinka da kilomita suke biya, iyakar tafiyarka iyakar kuɗinka, ga tukuici in ka isa da wuri. Ana cikin haka sai wani ƙaramin kamfani da ke jigilar kayan gini ya neme shi. Su albashin wata ne tsayayye, da ɗan alawus na kwanan hanya, kuma a baki bai kama ƙafar na farko ba. Ni kam har na gama kashe kuɗin na farkon a zuciyata, na canja labule, na biya makarantar yara, na ce masa wannan ai ba abin tsayawa shawara ba ne. Ya yi murmushin nan nasa mai ƙular da mutum, ya ce zai je ya gani da idonsa, don gani ya kori ji.

A ofishin kamfanin farko ya tambayi manaja wa ke biyan ranar da mota ta tsaya jiran lodi, ko ta kwana a gareji, ko ta dawo ba kaya. Manajan bai ɓoye masa ba, ya ce tayar da ba ta juyawa ba ta cin kuɗi. Daga nan ya nemi izini ya zaga cikin motocin. Ka san kowace babbar mota tana da ɗan gado a bayan kujerar direba. To shi ba injin ya duba ba, gadajen nan ya riƙa leƙawa. Ya ce motocin sababbi ne fil, amma duk gadon da ya ɗaga labulensa sai ya tarar an cika shi da jarka da igiya da buhuna, wata katifar ma ko ledarta ba a cire ba. Direbobin kuwa mutanen kirki, sai dai idanunsu jajur kamar garwashi. Da ya je ƙaramin kamfanin, motocinsu sun ɗan sha jiki, amma kowane gado da zanin shimfiɗarsa, matashin kai har ya lotsa.

Da ya dawo na tare shi da mita, na ce shi ba mai gyangyaɗi ba ne, ya karɓi aikin kamfanin abokinka ya riƙa barcinsa mana, wa zai hana shi. Sai ya ce ba wanda zai hana shi sai shi kansa. Ya san halin zuciya, ranar da aka ce barci kuɗi yake ci, to barci ya zama abokin gaba, kuma mai jan tirela in ya rufe ido ba shi kaɗai yake tafiya ba. Abin da ya fi ratsa ni shi ne da ya ce a irin wannan biyan, ko a gida yake taya a tsaye take. Ba ya son ya zauna a ɗakinsa, Auta na hawa cinyarsa, shi kuma yana jin kamar asara yake yi.

Wallahi Yaya, da na dube shi sai na ji ya ƙara girma a idona. Na daɗe ina yi masa dariyar rashin sauri, ashe sannu ba ta hana zuwa. Aikin ƙaramin kamfanin ya karɓa. Kuɗin zai yi mana kaɗan, labule zai jira, makaranta kuma za mu lallaɓa. Ni na yarda, kuma ina roƙon ka yarda. Don Allah ka ba abokinka haƙuri, ka gode masa. Kai ma kada ka ɗauka raini ne, alherinka yana nan a ransa.

Ka gaida uwargida da kyau, da Kawu, da takwarata mai surutu. Inna ta ce ka daina aiko mata da hoto, ka aiko da kanka. Surukinka ma da ya gaishe ka, amma yanzu haka rana tsaka yana kan doguwar kujera yana sharar barci, Auta kwance a ƙirjinsa, takalmansa a bakin ƙofa. Motar tana can a fake, kuma ba wanda yake yin asarar komai. Ba zan tashe shi ba.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai mita