Harin da Ya Bi ta Shagona

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Inna ta ji sauƙin ƙafar, har tana hawa bene da kanta.

Yaya, abin da ke cina zan faɗa miki, don ke kaɗai ce ba za ki yi mini dariya ba. Kin ji harin intanet da ya kashe wutar maƙwabciyar ƙasa, wanda rediyo ke ta ɗora wa wata babbar ƙasa? To, ta shagona ya bi. Tsohuwar kwamfutar nan ta ƙarƙashin teburin firinta, wadda na bari a kunne shekara uku don in an kashe ta sai ta yi gardamar tashi, ashe wasu sun shige ta daga nesa suna ɓarna da ita. Ni kuwa in na ji fankarta na ruri, sai in hure mata ƙura in ce zafi ne.

Jami'an tsaro huɗu suka zo, kuma wa ke gabansu da katin aiki a wuya? Autanmu, wanda ni na koya masa kunna kwamfuta! A gaban masu kawo mini gyara ya tsaya yana bayani, wai masu harin ba sa kai shi daga gidansu, injinan mutane irina suke hawa, daga wannan ƙasa zuwa waccan har sawu ya ɓace. Ya ce ko su ba su san ainihin mai hannu a ciki ba tukuna. Ni kuma, in ji shi, ba ni da laifi, sakaci ne kawai. Na san shi ya hana a kama ni, amma wallahi da ya ce sakaci, ji na yi gara a tafi da ni.

Kishi nake yi, Yaya, ba zan ɓoye ba. Shekara goma sha biyu duk wayar da ta lalace a gidanmu hannuna take zuwa. Jiya Inna ta tako har ƙofar shagona, wayarta a hannu, ta tambaye ni ko na san lokacin da Auta ke tashi daga aiki.

Ki gaida maigida da Kawu da 'yan biyu. Auta ma ya ce in gaishe ki. Na so in manta.

Ƙaninki,
Mai gyara