Inabina Ya Ci Amanata

Doña Herminia, ki agaza mini, ko da yake ban saba roƙo ba. Da kwando na fara, ina tsinkar inabi a gonakin mutane nan Colchagua. Yau ina da gonata da rijiyar da na haƙa da hannuna, da gangunan giyar inabi cike da ɗaki, ba gado ba ubangida. A aji uku na bar sakandare, amma ko an ɗaure mini ido harshena ba ya kuskure wajen gane irin inabin da aka yi giya da shi. Cabernet bauri ne, ya ɗaure maka baki kamar shayin da aka manta a wuta. Pinot tsami-tsami, ba nauyi, giyar masu ciwon ciki. Merlot kuwa, wanda nake nomawa, ƙamshin ɗanyen tattasai gare shi. Haka na koya wa garin nan kaf. Maƙwabcina Nibaldo, nasa Merlot ɗin laushi, zaƙi-zaƙi, yana sulɓewa a maƙogwaro. A bainar jama'a na ce masa ruwan wankin ganga yake sayarwa.

To, wata 'yar jami'a ta zo, ko kurɓa ba ta yi ba, ganyen inabina kawai ta juya. Wai nawa ba Merlot ba ne, wani iri ne da ake kira Carmenère, tun zamanin kakanni aka cakuɗa irin a ƙasar nan. Wai ba ya nuna da wuri, ni kuma ina tsinke shi ɗanye, shi ya kawo ƙamshin tattasan. Wai na Nibaldo ne na gaskiya! Matata Ercilia ta yi dariya har da riƙe ciki. Ga bikin girbi ya matso, ni ne alƙalin ɗanɗano. In tuge gonar, ko in yi gum? Kada kowa ya ji. Kuma ki buga sunana cikakke a shafinki na jarida, ni ba na ɓuya kamar masu rubuto miki kukan soyayya.

Don Eleodoro Fuenzalida Rojas

Don Eleodoro, sannu da ƙoƙari. Harshenka bai yi ƙarya ba, tattasai ka ji, tattasai ne. Bakin ne ya yi yawa. Kada ka tuge ko tushe ɗaya. Bana ka ƙyale Nibaldo ya gama girbinsa, kai ka ƙara haƙuri har ganyen ya soma ja. In ya nuna sosai, Carmenère laushi gare shi, da ɗan yaji a ƙarshe, ba abin kunya ba ne. Ka ɗauki kwalba ka je gidan maƙwabcinka kafin biki, ka sha nasa, ka yaba da ƙarfi yadda ka kushe.

Batun yin gum kuwa, na buga sunanka yadda ka umarta, kuma na san Nibaldo ba ya fashin jaridar nan. Ka yi sauri. Allah ya ba da girbi mai albarka, ka gaishe mini da Doña Ercilia.