Awa ɗayan da Baba bai jira ba

Assalamu alaikum Yaya Habu. Ya sanyin Ingila, ya Anti Rabi da yara? Ya ƙarin haƙurinmu?

Ka tambayi yadda Baba ya cika. Ranar Litinin bayan la'asar ya ce, "Hajara, kira min Habu." A lissafina lokacin hutunka ne a wurin aiki kamar kullum, amma sau biyar ina kira, wayarka a kashe. Ashe da shigowar sanyi kun mayar da agogon ƙasarku baya da awa ɗaya, kana kan aiki tukuna, ba ka faɗa mana ba. Sanda ka kunna wayar, mun riga mun rufe masa ido.

An sallace shi a Harami. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, har yau ina jin haushinka. Ka yi masa addu'a, ni kuma ka roƙa min sanyin zuciya. Umma na gaishe ku.

Ƙanwarka Hajara, daga Nakkasa, Makka.