Burtu Ba Ya Yawo Shi Kaɗai

Zuwa ga Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, babu motar da ke zuwa inda kake. Da kana nan ma sai ka yi wa rubutuna na ajin yaƙi da jahilci dariya. Amma wata biyar ke nan magana tana cina a ciki, kuma kai ya kamata ka fara jinta.

Yaya, ni na harbe ka. Ka sani, ai ka gan ni. Mutanen Kalgo ne ba su sani ba. Su a wurinsu Jaɓɓi ne, makiyayin nan na rugar hanyar Gwandu, kuma yana tsare, jibi Alhamis za a yanke masa hukunci a kan jininka. Mutumin da ko riƙon bindigar adaka bai iya ba!

Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ya kai ni tafki ranar. Ka tuna shekarar farin nan da naira ta shigo, da tafkunan fadama suka ƙafe sai na bayan gari, gauraki suka taru a kansa? A lokacin ne fatake suka fara zuwa da mota suna sayensu da rai, wai masu kuɗin birni na ado da su a tsakar gida. Ranar da ka ga an karya wa gauraka fiffike, an ɗinke masa ido da zare don kada ya yi ta bugun keji, ka dawo gida ka rataye bindigarka. Daga nan ka zama mai gadin tsuntsaye ba albashi. Ka tsinke tarkon mutane, ka fasa wa ɗan Sarkin Baka baki, shi ma ya fasa maka goshi. Kullum da safe ka yafa baƙin zane, ka ɗaura a goshi kan burtun farautar da Baba ya bar mana, ka rarrafa cikin ciyawa kamar burtu har kusa da gaurakin. Kowane gauraka tsakuwa ɗaya a jakarka. Ka dawo ka zube su gaban Inna kana ƙirgawa, kana huci in sun ragu. Ni kuwa dariya nake maka, ina cewa maharbi ya koma makiyayin tsuntsu.

Sau uku na roƙe ka aron kan burtun nan, ka hana. Ka ce ka san abin da zan yi da shi, kuma gaskiyarka: so nake in kusanci gaurakin, in kama 'ya'yan in kai wa fatake. Na ji haushi ƙwarai. Kayan Baba ne, ni ba ɗansa ba ne? Na yi ta faɗa a gari cewa laifin babba rowa. Sai na rantse zan harbo burtu da hannuna in yi nawa kan, in ga wanda zai hana ni.

Ranar da abin ya faru ka ce za ka Gwandu kai ƙarar fatake wurin manya. Ban san mota ta tafi ta bar ka ba. Da hantsi na hango burtu a bakin tafki, baƙi wuluk, yana sara ƙasa yana ɗaga kai, yana karkata wuya. Kai ma da iya kwaikwayo, Yaya! Me ya sa ka iya har haka? Baba ya sha gaya mana burtu ba ya yawo shi kaɗai, in ka ga ɗaya ka nemi matarsa kafin ka ɗaga bindiga. Wallahi na tuna. Na duba dama da hagu ban ga ta biyu ba, amma zuciya ta ce in na tsaya nema zai gudu. Na cika adakar da guntayen ƙarfe, na danna.

Gaurakin suka tashi gaba ɗaya suna kuka. Na ruga da wuƙa a hannu don in yanka kafin ya mutu. Na ja baƙin zanen, sai ga ƙafar mutum da takalmin da na sani. Ƙarfen ya ɗauke maka gefen fuska, ya huda wuya, jini na fita kamar an ɓula tulu. Na toshe da hulata, ya ƙi tsayawa. Idonka guda da ya rage yana kaina. Bakinka ya motsa, ban ji komai ba sai kumfar jini. Me kake son gaya mini? Tsine mini kake, ko cewa kake in gudu? Na yi ta maimaita maka kalmar shahada har hannunka ya saki rigata.

Har nan kuskure ne, Allah Ya sani. Abin da ya biyo baya da gangan na yi shi. Na cusa bindigar cikin laka, na wanke jikina a tafkin, na zagayo gida ta gonar dawa. Da aka kawo gawarka ni na fi kowa ihu.

Bayan jana'iza wani ya tuna cacar bakin da kuka yi da Jaɓɓi a kasuwa, da shanunsa suka tattake sheƙar gauraka mai ƙwai biyu. Shi ke nan, maharba suka ɗauki kulake. Kalma ɗaya daga bakina da ta tsayar da su. Maimakon haka ni na shige gaba zuwa rugar, ni na cinna wa bukkar farko wuta. Aka sassare agarar shanunsa tara, suna jan gindi suna kuka. Aka kwantar da Jaɓɓi aka yi ta duka har hannunsa ya karye gida biyu, yana rantsuwa da Allah, yana kallona don ya san ni ne ƙanenka. Na ƙara masa da ƙafa a baki, don kada ya ci gaba da kallona.

Ga labarin gida. Gero ya yi kyau bana. Matarka Hajara ta fita takaba, yaranka lafiya lau. An raba gado, kan burtun ya faɗo a rabona, da hudar ƙarfena a jikinsa, alhali ko yaro ya san wanda ya kashe ba ya cin gado. Na ci gaba da ƙirga maka gaurakin, ban san dalili ba. Ka bar su talatin da huɗu, jiya goma sha ɗaya na samu. Fatake sun samu sake, ni kuwa da wane baki zan hana su?

Makon jiya matar Jaɓɓi ta tare ni a kasuwa. Tun ranar da muka ƙona rugarsu babu mai sayen nononta a Kalgo. Na ɗauka zagina za ta yi. Sai ta durƙusa ta yi mini ta'aziyyarka, ta ce ta san zafin rashin ɗan'uwa ne ya sa na yi musu abin da na yi, ta yafe. Yaya, da mari ta yi mini da na samu barci.

Sannan Inna ta fara maganar in auri Hajara, wai don 'ya'yanka su tashi a hannun wanda ya fi kowa ƙaunarka. Kullum sai ta shafa kaina ta sa mini albarka, ta ce ni kaɗai Allah Ya bar mata. Idanunta sun kusa tafiya don kuka.

Na gaji. Gobe da safe zan tono bindigar in kai kaina gaban alƙali, a saki bawan Allah ya je ya yi jinyar hannunsa. Ɗauri ko rataya, duk ba su ba ni tsoro yanzu. Abu ɗaya nake tsoro, kuma ba zan bari Inna ta ji shi a bakin 'yan kasuwa ba. Ga ta can a ƙofar ɗaki tana kirana, ta dama fura ta ce in zo in sha tun da sanyinta. Zan ajiye alƙalamin nan in je in zauna a gabanta. Ka taya ni da addu'a in ana yi a can, don ita ce za ta rasa ɗa na biyu kafin la'asar.

Sai mun haɗu gaban Mai hukunci na gaskiya. Allah Ya jiƙanka.

Ni ne Sani, ƙanenka, in har yanzu ka yarda a kira ni haka.