Baba Ya Ce In Zaɓi Ta Nesa

Zuwa ga Kawu Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Rabi da yara. Yaya Fatakwal, yaya kuma ƙafar taka? Mu nan Yankara sai godiya.

Kawu, lokacin zaɓen jami'a ya yi, kuma har yanzu aikin lauya nake son karantawa. Na so in zaɓi ta Katsina ko ta Zariya, don in riƙa leƙo Inna. Da na faɗa wa Baba, bai tambayi wadda ta fi iya koyarwa ba. Cewa ya yi, "Wace ce in an tafi ba a dawowa sai shekara?"

Na ɗauka wasa yake. Ka san Baba, ko biki muka je Sabuwa ba ya bari mu kwana. Sai ya ce, "Hafsatu, duk hutu hanyar nan za ki biyo. Tun da aka tare motar kasuwa aka shige daji da ɗiyar maƙwabcinmu, ba na son ki kan hanyar nan." Inna tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗago ba.

Na zaɓi wadda ke kusa da ku. In na samu, wurinku zan riƙa hutu.

A gaishe da Hajiya da yara. Kawu, a sa ni a addu'a, don ni ko na ɗaga hannu ban san me zan roƙa ba, in samu ko kada in samu.

Ɗiyarka,
Hafsatu