Billen Bako

Narayi, daren Laraba

Tun dawowarmu daga yaƙin Boma ba wanda ya tambaye mu komai. Yau jikata Ladi ta kawo min mutum-mutumin soja na roba, kai da ƙirji, in yi masa fenti. Hular daidai, amma fuskar sumul, kamar marar gari.

Ta ce, "Baba, haka suke zuwa."

Na ce namu ba haka suka tafi ba.

Na ɗauki burushi zan zana masa billen Bako, abokina da muka binne can. Ina jin dariyarsa cikin ruwan sama, har haƙoransa ina gani. Amma billen a kuncin dama yake ko na hagu? Hannuna ya tsaya. Wanda ya san Bako ya amsa min mana, kafin fentin ya bushe.