Tokar Da Na Watsa Wa Gonata Da Hannuna

Daga: Malam Abdulmannan Ɗalha,
Manomi, Dudunni, Kusada.
13 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Kula da Tsaftar Muhalli,
Ƙaramar Hukumar Kusada.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TOKAR TSOFAFFIN TALABIJIN DA WAYOYI A GONATA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. A ranar 9 ga Disamba, 2023, bayan an kawar da amfanin gona, na ba Kamilu, wani ɗan gwangwan, aron gefen gonata ya riƙa ƙone matattun talabijin da kwamfutoci yana cire jan ƙarfe. Kamar yadda aka sani a nan, wanda aka zuba wa shara a gona shi ke da takin. Har godiya na yi masa.

2. A watan Fabrairu na kwashe tokar na watsa a gonar kaf. Na kuma aika wa maƙwabciyata Luba, wadda ke riƙe da marayu, mangala huɗu a matsayin alheri.

3. A ranar 20 ga Afrilu awakina biyu suka mutu bayan sun lashi ƙasar wurin. Malamin dabbobi ya ce yana zargin gubar dalma, kada in ci abin da gonar za ta ba da sai an gwada. Innalillahi! Gonar nan ce kaɗai mahaifina ya bar mini.

4. Na tuntuɓi Kamilu, ya ce shi saye ya yi a Legas. Na Legas kuma wai daga ƙetare aka turo masu da sunan gwanjo. Rubutun da ke jikin kayan ma babu mai iya karanta shi a Dudunni. To, wa zan riƙe? Waɗanda suka ci moriyarsu suna can da ƙasarsu fes, ni an bar ni da toka.

Ranka ya daɗe, ba ni iya zama wuri ɗaya. Hadari ya fara haɗuwa, kowa ya gyara irinsa, ni ina ta zagayen gona. Ina roƙon a turo masu gwada ƙasa kafin ruwan shuka, a hana wannan ƙone-ƙone, a kuma kai maganar sama, inda ake barin kayan su shigo.

Na haɗo da tokar ƙulle a leda. In ma'aikatan sun zo, don Allah su fara da gonar Luba. Har yau na kasa gaya mata.

Naka mai biyayya,
Abdulmannan Ɗalha